Ku Tambayi Kawu: Kaka ta yi, me za mu yi wa waɗanda suka bar mana gonar?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da kaka. Saƙonni sun taru wannan karon kuma yawancinsu wuri ɗaya suka dosa, gero ya shigo gida dawa na hanya, sai mutane suka fara tuno iyaye da kakanni da suka sare dajin suka bar musu. Na tsamo guda biyar. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma datse wasu don akwai wanda sai ya ba ni tarihin zuri'arsu kaf tun daga kakan kakansa kafin ya iso kan tambayar.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni ma'aikaci ne a Abuja, Babanmu ya rasu bara bayan babbar sallah. Bana ni na ɗauki nauyin noman gonarsa a ƙauyenmu can wajen Malumfashi kuma Alhamdulillahi ta yi kyau sosai. Inaso in shirya babbar walima ta tunawa da shi, a kafa rumfuna a yanka sa a kira makaɗa da mai hoto, mutane su san wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba. Amma wani ƙanin kakanmu yace kafin a taɓa hatsin sai an kai zangarniyar farko gindin tsamiyar da ke bakin gonar an yanka baƙin zakara, wai haka kakanni ke yi. Wallahi na rasa wanne zan bi.

AMSA: Ɗana, Allah ya ji ƙan Baba ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ba ka bar gonar ta koma saura ba.

Bari in fara da zakaran don shi ya fi sauƙi. Tsohon ba ƙarya ya yi maka ba, kafin Musulunci ya zauna da gindinsa a ƙauyukanmu kusan kowane gida na da wurin da yake zubar da jini don iskoki, gindin tsamiya ko kuka ko wani dutse, kuma lokacin shuka da lokacin girbi su ne manyan lokutan yin sa. Amma kai Musulmi ne, Babanka ma Musulmi ya mutu, kuma abin da aka yanka don wanin Allah yana cikin jerin haramtattun abubuwan da aka lissafo a aya ta 3 cikin Suratul Ma'ida. Wannan ba sai an je gaban wani babban malami ba. Sai dai fa kar ka je ka tsaya gaban dattijon da ya goyi ubanka kana ɗaga masa murya kana ce masa mushriki a gaban yara, wannan ma wani laifin ne. Ka ɗauki dami mai kyau ka kai masa har zaure, ka haɗa masa da zakaran ma in kana so, baƙi ko ja duk ɗaya, a yanka da bismillah a gida a yi masa farfesu ya sha. Sau da yawa abin da tsoho ke nema shi ne a san yana nan.

Toh sai walima. Ciyar da mutane ba laifi ba ne, ban ce kar ka yi ba. Amma ka zauna da biro da takarda ka lissafa kuɗin rumfa da kujeru da janareto da mai hoto da makaɗa da man motar abokanka da za su taso daga Abuja, sannan ka tambayi kanka cikin duk wannan wanne ne zai isa wurin Baba. Kuma su wa za su zauna layin gaba su ci naman san? Waɗanda dama da ƙoshinsu suka zo.

Sa'adu ɗan Ubada mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya zo ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko in ya yi mata sadaka za ta amfane ta, aka ce masa eh, nan take ya ce to ya bayar da gonarsa mai 'ya'yan itatuwa sadaka a madadinta. Hadisin yana cikin Bukhari. A wata ruwayar kuma rijiya ya haƙa ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Kaga dai abin da ya zaɓa, abin da zai ci gaba da amfanar mutane bayan an watse.

Ga abin da ni zan yi da ni ne kai. Ka je ɗakin Inna da daddare bayan isha, ka zauna a ƙasa, ka ce Inna wa da wa Baba ke aika wa dami duk kaka? Za ka sha mamaki. Manomin da ya kai shekarun Babanka yana da jerin mutanensa a ka, ba a rubuce ba: liman, malamin makarantar allo, wanzamin da ke yi wa gidan aski da kaciya, maƙerin da ke gyara masa garma, ungozomar da ta yanke muku cibi, gwaggonsa da mijinta ya mutu, wata tsohuwa a bayan gari da ba ku haɗa komai da ita ba. Waɗannan mutanen bara sun ji mutuwar nan a cikinsu, bana kuma suna nan sun yi shiru suna kallon hanya, kunya ba za ta bar su su tambaye ka ba. Ka sa a ɗora wa amalanke a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ce ga saƙon gidan Malam wane. In akwai bashin da ke kansa, ko na taki ko na ƙwadago ko gonar wani da ya riƙe jingina, a fara da shi tun kafin komai. Kuma in an gama ɗaure dami kar a sa yara su tsince gonar tas, a bar wa masu kala rabonsu.

Ka sake karanta Suratul Ƙalam daga aya ta 17, labarin masu gonar nan da suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe ta kafin wani miskini ya shigo musu, suka wayi gari ta ƙone ƙurmus. Masu tafsiri sun kawo cewa ubansu mutumin kirki ne mai fitar wa talakawa rabonsu, 'ya'yan ne da suka gada suka ga kamar asara yake yi. Ni duk kaka sai labarin nan ya faɗo min.

In ka gama duk wannan kuɗi ya ragu, yanka ragonka ka tara dangi a ci a yi masa addu'a. Mai hoto dai ka bar shi a Abuja.

TAMBAYA: Salam Kawu. Na samu gero buhu 20 da dawa buhu 4 a gonar da na gada wurin kakana. Zan iya fitar da zakkar da niyyar ladan ya je masa? Kuma zan cire kuɗin taki da na tarakta kafin in fitar? Don gaskiya bana taki ya ci mu.

AMSA: Ya ci kowa malam, ba kai kaɗai ba. Amma zakka bashi ce a wuyanka kai da ka noma, ba kyauta ba ce da za ka ce ka yi wa wani. Aya ta 141 cikin Suratul An'am cewa ta yi a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Ka fitar da ita da niyyarka, sannan ka ɗebi wani abu daban ko tiya biyar ce ka yi wa kakanka sadaka.

Lissafin kuwa ga shi. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, kenan sa'i 300, malaman zamani suna kimanta shi wajen kilo 650, wato kamar buhu shida da rabi in buhun mai cin kilo 100 ne, kuma bayan an sussuke an sheƙe ake aunawa. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda ka shayar da inji kana zuba masa fetur ɗaya cikin ashirin. Shi ya sa iyayenmu tun a gona suke ƙirga dami, in sun kai na goma su jingine shi gefe, ba kalkuleta ba komai. Geronka buhu 20, za ka fitar da buhu 2. Dawar buhu 4 ba ta kai nisabi ba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a haɗa gero da dawa a cika nisabi, kowanne jinsinsa daban, shinkafa ma haka, yana nan cikin Risala in kana da ita a gida. Kuɗin taki da tarakta da 'yan ƙwadago kuwa a mazhabar ba a cire su, daga abin da gona ta bayar ake fitarwa gaba ɗaya. Na san ba haka ka so ji ba.

Abu ɗaya da zan ƙara, kar a kai zakkar gidan mai kuɗi don neman fada, kuma ba a bai wa wanda ciyar da shi dama wajibinka ne kamar matarka da ƙananan 'ya'yanka. Mutum takwas ɗin da ake bai wa suna cikin Tauba aya ta 60.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni daga wajen Gumel nake, mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu. Babanmu ya daɗe da rasuwa ya bar gona babba, mu biyar ne maza uku mata biyu, Innarmu tana raye. Duk lokacin da na yi maganar rabon gado sai yayyena su ce gonar Baba ba a raba ta, wai guminsa ne, raba ta cin mutuncinsa ne. Duk kaka sai su aiko min da tiya goma su ce ga na tuwo. Na yi shiru ne don kar a ce na raba zumunci. Shin in na nemi haƙƙina na saɓa wa Baba?

AMSA: 'Yata, ba ki saɓa wa kowa ba. Wannan saƙon naki shi ya fi tsaya min a rai cikin duk na wannan watan, don irinsa suna da yawa kuma kullum da sunan girmama mamaci ake yin abin.

Allah da kansa ya raba gado, bai bar wa yayye ba. Nisa'i aya ta 7 ta ce maza suna da rabo mata ma suna da rabo, ko abin kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. In dai babu wasu magadan bayan waɗanda kika lissafo, kuma an biya bashi da wasiyya, a ɗauka an kasa gonar kashi 64: Inna tana da 8, shi ne tumunin takabarta, kowane namiji 14, ke 7 'yar uwarki 7. Ki lura har Innar ma da nata kason, ina fatan ita ma ba tiya goman ake kai mata ba.

Don in yi musu adalci, maganar kar a raba gona tana da tushe. Da can gandu ake yi, uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa su noma babbar gona tare a zuba rumbu ɗaya, kowa kuma a yankar masa gayauna ta kansa. Amma mai gandu ba mulki kawai yake yi ba, shi ke ciyar da kowa, shi ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa samari aure, in 'yar gida ta dawo zawarci ko takaba shi ke riƙe ta da 'ya'yanta. Yayyenki sun riƙe gonar gandu sun yar da nauyin gandu. Kuma gaskiya ne gonar da aka yi ta tsagawa tana komawa 'yar falle da ba ta ciyar da kowa, wannan matsala ce ta gaske musamman a wuraren da mutane suka yi yawa. Sai dai maganinta ba shi ne a danne mata ba.

Gumin da suke magana kuma, na Baba ne shi kaɗai? Wa ke kai fura gona da tsakar rana, wa ke roron wake, wa ke sussuka da shiƙa har tafin hannu ya yi kanta? Ku da Inna ne.

Abin da zan ba ki shawara, kar ki fara da kotu. Ki samu kawunku ko baffanku wanda suke jin nauyinsa, da liman, da mai unguwa. A je a auna gonar, yanzu ma da waya ake aunawa, a fitar da kason kowa a rubuta a takarda kowa ya sa hannu da shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Bayan nan in suna son ta ci gaba da zama a dunƙule ba laifi, sai su karɓi kasonki haya su riƙa biyanki abin da ake biya a garin, ko a yi yarjejeniyar buhu nawa za ki samu duk kaka. Kar ki ce za ki ƙirga rabonki daga duk abin da suka girbe, don su ma sun zuba ƙarfinsu da takinsu, haƙƙinki a ƙasar yake. In sun ƙi duk wannan, kotun shari'ar Musulunci tana nan kuma rabon gado aikinta ne na yau da kullum.

Su kuma yayyen in wani ya karanta musu wannan: Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai a wuya ranar alƙiyama, Bukhari da Muslim duk sun kawo. Kuna ciyar da 'ya'yanku da rabon uwar marayu huɗu kuna cewa Baba kuke girmamawa, haba bayin Allah.

TAMBAYA: Kawu ni ɗaliba ce a Zariya, ina yawan kallon fina-finan Koriya. Na ga suna da wani biki lokacin girbi da kowa ke komawa garinsu a jera abinci a tebur a yi wa kakanni godiya. Abin ya burge ni sosai. Menene asalinsa, kuma me yasa mu bamu da irinsa?

AMSA: Cusok sunansa 'yata. Ana yin sa ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu ta wata, daren da wata ya cika, yana faɗowa cikin Satumba ko farkon Oktoba, kuma a Koriya ta Kudu hutun kwana uku ake bayarwa. Seoul babban birninsu takan yi kamar an share ta, manyan hanyoyi su cushe, tikitin jirgin ƙasa ya ƙare tun da saura makonni. Da safe iyali su taru gidan babban ɗa, a jera sabuwar shinkafar bana da 'ya'yan itatuwa da giya gaban allon sunayen kakanni ko hotunansu, a rusuna har goshi ya kusa ƙasa, sannan a zauna a ci. Akwai wani ɗan curin garin shinkafa mai siffar rabin wata da ake cusa wa riɗi ko wake a turara kan ganyen wata bishiya mai kama da allura, songpyon suke ce masa, shi ne abincin ranar. Kafin bikin kuma sai an je an nome ciyawar da ta rufe kaburburan dangi, kabarin da aka gani cikin ciyawa abin kunya ne ga 'ya'yan mai shi. Suna da kokawarsu ma ta gargajiya da ake yi a lokacin, da can sa ake bai wa wanda ya yi nasara.

Abin da fim ba zai nuna miki ba shi ne su kansu sun sha rigima kan wannan teburin. A 1791 an kashe wani Kirista ɗan Katolika mai suna Yun Ji-chung saboda ya ƙi yi wa mahaifiyarsa irin wannan hidimar ya kuma ƙone allunan kakanni, sai a 1939 fadar Paparoma ta sassauta kan al'adar. Har yau Kiristocinsu da yawa addu'a kawai suke taruwa su yi ba sa rusunawa. Matansu kuma sun daɗe suna kuka da bikin, don surukai mata ke kwana a tsaye suna suya maza na zaune, har a 2022 cibiyar malaman Konfushiyas ta ƙasar, masu kula da irin waɗannan al'adun kakanni, ta fito ta ce a rage yawan abincin, soye-soyen nan ba dole ba ne.

Mu ajiye wa mamaci abinci da rusuna masa ba namu ba ne, addini ya raba mu da shi. Amma ki ce ba mu da komai ban yarda ba. Da kaka ake kalankuwa, da kaka mahauta ke yawon dambe gari gari, da kaka ake kokawa, da kaka ake yawancin aure a ƙauye don lokacin ne rumbu ke cike. Ziyarar maƙabarta kuma sunna ce, Annabi (SAW) ya ce da na hana ku ziyarar kaburbura to ku ziyarce su. In akwai abin da zan so mu ɗauka wurin mutanen Koriya, nomar ciyawar nan ce da komawa gida. Je ki leƙa maƙabartar unguwarku bayan damina ki gani, ciyawa ta kai ƙugu, ruwa ya zabtare wasu kaburburan, katanga ta faɗi awaki na shiga. Wasu unguwannin matasa na yin gayya su gyara, Allah ya saka musu, amma da yawa sai an kawo gawa ake tunawa. Ki zuga yayyenki da ƙannenki su haɗa gayyar ranar wata Asabar, ku kuma ku dafa musu abinci.

TAMBAYA: Kawu ka yi haƙuri ni fa zan faɗi gaskiya. Na gama digiri ina Kano ba aiki. Kullum ana ce mana kakanni sun sha wahala a yaba musu. Ni ban ga abin yabo ba, sun shekara ɗari suna duƙe da fartanya ba su canza komai ba, gyaɗar da suka noma wasu suka yi kuɗi da ita, mu talauci suka bar mana. In na samu mai saye ma sayar da kasona zan yi in sayi Keke Napep.

AMSA: Ɗana na ji zafin da ke cikin maganarka kuma ba zan ce maka rashin kunya ka yi ba. Rabin maganarka ma gaskiya ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Ingila, manoma suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, suka juya mata. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna, kamfanonin Turawa suka kwashi riba. Daga baya hukumar sayen amfanin gona ta riƙa yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta tafi asusun gwamnati. Ga haraji da dole sai da tsabar kuɗi za a biya, kuma da kaka ake karɓa lokacin da hatsi ya fi arha. An cuce su, wannan ba musu. Amma wanda aka cuta ai ba shi ake zagi ba.

Inda ban bi ka ba shi ne wai ba su canza komai ba. Mutanen nan sun ga yunwar Kakalaba a 1914, sun ga farin 1973, cuta ta tsugunar da gyaɗa a 1975, fari ya sake dawowa 1984, kuma duk da haka ga ka nan da digirinka, wani ne ya hana cikinsa ya ajiye iri. Ƙasar da ke kewaye da Kano ana noma ta duk shekara ba hutu tun tale-tale ba ta mutu ba, saboda da rani jakuna ke fita daga birni da mangala cike da taki da toka, Fulani kuma su sauka a gona bayan girbi shanu su ci kara su bar kashi a ba su hatsi. Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da malaman gona na farko suka ɗauka rashin wayewa ne, masu binciken noma a Samaru ta Zariya sun zauna sun lissafa a shekarun 1970 suka ga manomin ya fi su gaskiya, in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi, waken kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi kansa geron a yankinmu na Sahel aka fara mayar da shi abin shuka daga ciyawar daji, an samu alamarsa a arewacin Mali ta wajen shekara 4,500. Duk kaka manomi na bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure daban ya rataye, haka aka yi ta tacewa har aka samu irin da ke nuna kafin ruwa ya ɗauke. Yau cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana adana irin waɗannan tsaba cikin sanyi don masu fitar da sabon iri su ɗiba.

Ka duba gawon da ke tsakiyar gonarku ma. Shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore dabbobi su ci 'ya'yansa. Kakanka ya san haka shi ya sa bai sare shi ba. A Maraɗi da Damagaram da aka share itatuwa ƙasa ta lalace, daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture suna yi masa sassabe ya girma, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, har ƙasashe na zuwa koyo.

Ban ce ka koma ka duƙa da fartanya don a ce kai ɗan halak ne ba. Yi hayar tarakta, nemi ingantaccen iri, yi amfani da karatunka. Keken ma sana'a ce ban raina ta ba, amma in ka kai ta shekara biyar sai gyara, gonar kuwa in ta fita hannunka da wuya ka iya sayen irinta. In kuɗi kake nema yanzu ka ba da kason naka haya na shekara biyu ko uku a rubuce, ka haɗa da abin da za ka samu ka karɓi keken biya sannu. In kuma ka noma, kar ka kwashe duka ka kai kasuwar Dawanau cikin Nuwamba lokacin da kowa ke kaiwa, ka samu buhun PICS mai ruɓi uku ka ɗaure wakenka da kyau ba sai ka zuba magani ba, ka jira farashi ya motsa. Kuma duk mai gawayin da ya zo yana taya gawon nan ka ce masa ba na sayarwa ba ne.

Masu tambaya kan rikicin iyakar gona da kuma wanda ya rubuto daga Agadas kan jinginar da ta shekara talatin, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.